Daga Sanskirit zuwa Sinanci da Japananci: yadda kalmomin addinin Buda suka sauya kama a hanya

Mai sayar da sushi a Tokyo, idan zai ambaci dafaffiyar shinkafar da yake ɗora yankan kifi a kanta, cewa yake shari. Matar aure a Osaka tana kiran mijinta danna. Fursuna a kurkukun Japan yana kiran duniyar da ke bayan katanga shaba. Duk ukun nan asalinsu Indiya. Shari daga sharira take, wato jiki, daga baya kuma 'yan ƙananan ƙasusuwan da suka rage bayan an ƙone gawar Buda. Danna daga dana, wato sadaka. Shaba kuwa daga saha, duniyar nan da ake jure wahala a cikinta. Babu ɗaya daga cikinsu da ta taso daga Indiya ta faɗa Japan kai tsaye. Sai da kowacce ta shiga rubutun Sin, ta zauna a can shekara da shekaru, sannan ta haye teku ta hanyar Koriya ko a bakin ɗaliban da suka je Sin neman ilimi.

Kowace irin wannan kalma tana ɗauke da tabo uku: na harshen Indiya da ta fito daga cikinsa, na ƙarnin da aka fara rubuta ta da haruffan Sin, da na sauye-sauyen lafazi da suka same ta bayan an rubuta. Wanda ya duba ɗaya ya bar biyu, ba makawa zai yi kuskure wajen gano asalinta.

Harsuna biyu da suka yi hannun riga

Sanskirit, tsohon harshen ilimi da addini na Indiya, harshe ne mai dogayen kalmomi. Ana jera baƙaƙe biyu ko uku ba wasali a tsakaninsu, irin su pr da ksh da str. Ana bambanta dogon wasali da gajere. Ƙarshen suna yana sauyawa gwargwadon aikinsa a jimla, abin da mai karatun nahawun Larabci ya sani da i'irabi, sai dai a Sanskirit halayen guda 8 ne. Sinanci akasin haka ne gaba ɗaya. Kowane harafi gaɓa ɗaya ce, kalma ba ta sauya ƙarshe, kuma kowane harafi yana da tasa ma'ana. Babu jerin baƙaƙe da wasula irin na ajami ko boko da mutum zai ɗauka ya rubuta baƙon sauti kawai.

Don haka duk mai son rubuta sautin Indiya dole ya ari harafi mai ma'ana, ya kuma sa ran mai karatu zai yi watsi da ma'anar. Kalmar namo, wadda mabiya ke buɗe addu'a da ita, an rubuta ta 南無, haruffan da ke nufin "kudu" da "babu". Shramana, mutumin da ya bar gida ya shiga zuhudu, an rubuta shi 沙門, "yashi" da "ƙofa". Wanda bai san dawan garin ba zai zauna yana neman hikimar da ke cikin ƙofar yashi, alhali babu komai a wurin sai sauti.

Tsohuwar shaidar da ake da ita a rubuce ita ce wata takardar umarni ta Sarki Ming na daular Han a shekara ta 65 Miladiyya, game da ɗan ubansa Liu Ying, mai riƙe da yankin Chu. Akwai kalmomin aro uku a cikinta: futu (浮屠) ga Buda, sangmen (桑門) ga shramana, wato sufin Buda, da yipusai (伊蒲塞) ga upasaka, mabiyin da yake zaune a gidansa. Aikin fassara gadan-gadan ya fara ne da An Shigao, mutumin Fartiya ta ƙasar Farisa, wanda ya iso birnin Luoyang a 148, sai Lokakshema daga ƙasar Kushan, wanda ya fassara wani babban nassi kan hikima a 179.

A nan ne tabo na farko yake. Mun saba cewa "daga Sanskirit", amma yawancin littattafan da waɗannan mutane suka zo da su ba da tsantsar Sanskirit aka rubuta su ba. Da harsunan yau da kullum na Indiya ne, waɗanda ake kira Prakrit, musamman Gandhari, harshen yankin Peshawar a arewacin Pakistan da gabashin Afganistan na yanzu. Naɗaɗɗun rubuce-rubucen Gandhari a kan ɓawon itace da babban ɗakin karatu na Birtaniya ya samu a 1994, waɗanda aka ƙiyasta na ƙarni na 1 ne, sun ƙara wa wannan fahimta ƙarfi. A harsunan Prakrit an riga an sassauta cunkoson baƙaƙe: shramana ta zama shamana, bhikshu (sufi mai bara) ta zama bhikkhu, stupa (ginin da ake adana ƙasusuwan Buda) ta zama thupa, dhyana (nutsuwa cikin zurfin tunani) ta zama jhana. Waɗannan sassautattun siffofi ne kunnen Basine ya ji. Shi ya sa biqiu (比丘), wato bhikshu, ba ta da alamar sh ko kaɗan, kuma kalmar da Sinawa suka ba stupa ta fara da t maimakon s.

Mai jin Hausa ya san irin wannan. Masana harshe na ganin azumi ba daga bakin Balarabe ta shigo mana kai tsaye ba, sai da saum ta bi ta harsunan Buzaye da danginsu. Haka heshang (和尚), sunan da Sinawa ke kiran sufin Buda da shi har gobe. Asalinta upadhyaya, malamin da ke karɓar ɗalibi ya rene shi. A Prakrit ta koma uvajjha, ta ƙara lalacewa a garuruwan hamada irin su Khotan, kafin ta iso Sin da gaɓa biyu kacal.

Ɗaukar sauti: yankewa da ƙirƙiro haruffa

Sinanci na son kalma mai gaɓa ɗaya ko biyu, don haka dogayen kalmomin aro ba sa daɗewa a baki. Bodhisattva, wato mai neman zama Buda don ceton halitta, cikakkiyar siffarta haruffa huɗu ce (菩提薩埵), amma wadda ta zauna ita ce ta harafi na 1 da na 3, pusa, wadda Japanawa ke karantawa bosatsu. Arhat, wanda ya kai ƙarshen tafarkin Buda, ta zama aluohan, sannan aka yar da a ɗin farko aka bar luohan. Jhana ta zama channa, sannan chan kawai, kuma wannan harafi ɗaya (禪) shi ne sunan ɗariƙar da ake kira Zen a Japan, Seon a Koriya, Thien a Biyetnam.

Yankewar ba ta duba inda kalma ta rabu a Sanskirit, kuma daga nan ma'ana ke gocewa. Sangha na nufin jama'ar sufaye baki ɗaya. Da aka yanke ta zuwa seng (僧), sai ta koma nufin sufi guda. Wadda ta fi ban mamaki ita ce ni (尼). A bhikshuni, sufiya mace, wannan ni ɗin ɗafa-ƙeya ce ta tamata, kamar -iya a "almajira" ko "Bahaushiya" in an kwatanta. Ba ta da ma'ana ita kaɗai. Sinawa suka ciro ta suka mai da ita cikakkiyar kalma mai nufin sufiya.

Wani lokaci babu harafin da ya dace, sai a ƙera sabo. Yawancin haruffan Sin kashi biyu ne: ɓangaren da ke nuna fagen ma'ana da ɓangaren da ke nuna sauti. Seng an haɗa shi da ɓangaren "mutum". Ta (塔), wato stupa, an ba shi ɓangaren "ƙasa" saboda tulin ƙasa ne asalin ginin. Kashaya, rigar sufaye mai launin ƙasa-ƙasa, an rubuta ta 袈裟 da ɓangaren "tufa" a ƙasan kowane harafi. Mara, mai fitinar masu zuhudu, da farko an ari harafin "niƙa" mai ɓangaren dutse, daga baya aka musanya dutsen da "aljani" aka samu 魔, kuma ruwayar Sin tana jingina wannan gyara ga Sarki Wu na daular Liang a ƙarni na 6. Waɗannan sababbin haruffa sun yi 'ya'ya da jikoki. Da ta ake faɗin hasumiyar fitilar jiragen ruwa, da dalar Masar, da hasumiyar Eiffel ta Faransa. Da mo ake faɗin sihiri da shaiɗan.

A zamanin daular Tang, lokacin da wuridai masu asiri suka yawaita a hannun malamai irin su Amoghavajra (705 zuwa 774), an inganta dabarar sosai, domin a ganinsu wuridi ba ya aiki in lafazi ya karkace. Sai suka riƙa manna ɓangaren "baki" a jikin harafi don nuna cewa sauti ne kawai, kamar 唵 ga om. Suna rubuta 'yan ƙananan haruffa biyu (二合) masu nufin "haɗa biyu" a gefen layi, don mai karatu ya narkar da gaɓa biyu su zama ɗaya, misali pa da ra su ba da pra. Wani ƙaramin harafi (引) yana nufin "ja", wato a tsawaita wasalin. Kusan aikin da shadda da madda ke yi ke nan.

Ɗaukar ma'ana da haɗarinsa

Hanya ta biyu ita ce a bar sauti a fassara ma'ana. Wasu zaɓuɓɓukan sun faɗa daidai. Sutra asalinta "zare" ne, sai aka ba ta jing (經), wadda ke nufin zaren tsaye a saƙa kuma da ita ake kiran manyan littattafan Konfushiyas. Lokadhatu aka fassara ta shijie (世界), inda harafi na farko ke nuna zamani, na biyu iyaka. Yau ita ce kalmar "duniya" a Sinanci, Japanawa kuma suna cewa sekai, kuma ƙalilan ne ke tuna cewa masu fassara ne suka ƙera ta.

Haɗarin yana inda aka ari kalmar da ta riga ta cika da wata aƙida. Masu fassarar farko sun ba nirvana, wato kuɓuta ta ƙarshe daga wahala, kalmar wuwei (無為), "rashin tilasta aiki", wadda ginshiƙi ce a tafarkin Dao, tsohuwar aƙidar Sin da ake jingina wa Laozi. Mai karatu sai ya ɗauka Buda da Laozi magana ɗaya suke yi. Dao'an (312 zuwa 385), babban malamin da ya fara tattara sunayen littattafan da aka fassara, ya ga wannan ɓarna. A wata gabatarwa da ya rubuta a 382 ya lissafa hanyoyi 5 da fassara ke rasa asali, ciki har da juya tsarin jimla, da ƙawata maganar da asalinta sassauƙa ce, da datse maimaicin da nassoshin Indiya ke cike da shi. Shi ne kuma ya sa duk sufaye su ɗauki Shi (釋), gaɓar farko ta Shakya, dangin Buda, a matsayin sunan zuriya, al'adar da ke raye har yanzu a Sin da Biyetnam.

Sai Kumarajiva, ɗan garin Kucha na tsakiyar Asiya, uba Ba'indiye, uwa 'yar sarauta. An kama shi a yaƙi a 384, ya shafe kusan shekara 17 a Liangzhou inda ya ƙware a Sinanci, aka kawo shi babban birnin Chang'an a 401. Fassararsa tana da daɗin karantawa, shi ya sa ita ce ake rerawa a wuraren ibada har yau, musamman Sutrar Furen Lotus da ya kammala a 406. Shi da kansa an ruwaito ya kwatanta fassara da tauna shinkafa a ba wani, ɗanɗano ya tafi, har ma ta tayar da zuciya. Duk da haka shi ne ya daidaita yawancin kalmomin da suka zauna.

Xuanzang (602 zuwa 664) bai gamsu ba. Ya yi tattaki zuwa Indiya, ya yi karatu a babbar makarantar Buda ta Nalanda, ya dawo a 645 da littattafai 657, ya fassara 75 daga irinsu cikin naɗi 1335. Da yake Sanskirit na makaranta ya koya, sai ya riƙa ganin tsofaffin kalmomin a matsayin kuskure. Ya sauya biqiu zuwa bichu, ta zuwa sudubo, sanmei zuwa sanmodi ga samadhi, wato tattara hankali wuri ɗaya. A gaskiya ba kuskure na farkon suka yi ba, daga wani harshe dabam suka ɗauko. Kuma jama'a ba su bi shi ba: gajerun tsofaffin kalmomin ne suka ci gaba. Inda ya yi nasara sosai shi ne sunan ƙasar Indiya kanta, Yindu (印度), wanda ya ture tsohon suna Tianzhu.

Ana jingina masa ƙa'idar nan ta abubuwa 5 da ba a fassara su, wadda ta iso mana ta gabatarwar wani ƙamus na ƙarni na 12. Na farko, kalmomin asiri na wuridi. Na biyu, kalma mai ma'anoni da yawa, misali bhagavat da aka ce tana ɗauke da 6 (iko, haskakawa, kyawun kama, shahara, albarka, daraja), wadda duk ɗayar da ka zaɓa ka zubar da biyar. Na uku, abin da babu shi a Sin, kamar itacen jambu. Na huɗu, abin da magabata suka riga suka bari da sautinsa. Na biyar ya fi kowanne zurfi: kalmar da barinta yadda take ke sa girmamawa a zuciya. Prajna, wato hikima ta addini, in an ce bore (般若), tana da nauyi. In an ce zhihui, "hikima" ta yau da kullum, ta yi sauƙi da yawa. Duk wanda ya taɓa tunanin dalilin da ya sa muke cewa salla da zakka da tauhidi ba mu nemo musu Hausa ba, ya riga ya san wannan hujja.

Akwai kuma hanya ta uku, haɗin gambiza: rabi sauti, rabi ma'ana. Chanhui (懺悔), tuba, harafinta na farko daga kshama ne, neman afuwa, na biyu kuwa Sinanci ne mai nufin nadama. Na biyun yana yi wa na farkon tafinta.

Sunan Guanyin, bodhisattvan jinƙai, ya isa misali kan yadda abu ɗaya ke rabuwa. Kumarajiva ya yi amfani da Guanshiyin (觀世音), "mai duban sautukan duniya". Xuanzang ya ce a'a, Avalokiteshvara ce, daga avalokita da ishvara, don haka Guanzizai (觀自在), "mai duba, mai iko". An daɗe ana ɗauka na farkon ne ya yi kuskure, sai aka tono tsofaffin guntayen rubutu a tsakiyar Asiya ɗauke da siffar Avalokitasvara, inda svara ke nufin sauti. Akwai kuma labarin da ya yaɗu cewa an cire harafin tsakiya, shi (世), ne don kauce wa sunan Sarki Li Shimin na Tang, amma gajeren sunan ya riga wannan sarki bayyana a rubuce. A Japan sunan ya zama Kannon, kuma daga tsohon rubutunsa Kwanon aka raɗa wa kyamarar gwaji ta 1934 suna, wadda kamfanin Canon ya samo nasa daga gare ta.

Yadda ake aikin

Ba mutum ɗaya ke zama da alƙalami ba. Bayanin da ya fi cika shi ne na cibiyar fassara da daular Song ta buɗe a Kaifeng a 982, mai muƙamai 9. Shugaban fassara yana karanta nassin Sanskirit da ƙarfi. Na hagunsa yana tattauna ma'ana da shi, na damansa yana bin rubutun don kada a yi tuntuɓe a karatu. Na huɗu yana rubuta sautin da haruffan Sin, misali hridaya ta fito da haruffa huɗu. Na biyar yana mai da ita ma'ana, ya rubuta xin, "zuciya". Na shida yana juya jimla ta dace da tsarin Sinanci, domin a Sanskirit aikatau yakan zo a ƙarshe. Na bakwai yana gwada nassoshin biyu, na takwas yana datse abin da ya yi yawa, na tara, wanda galibi babban jami'in fada ne, yana goge salo.

Kowane mataki ƙofar kuskure ce. Mai karantawa yana iya furta kalma da lafazin garinsu, mai rubutawa ya ji wata dabam, musamman a Prakrit inda kalmomin da suka bambanta a Sanskirit ke faɗawa sauti ɗaya. Mai goge salo, wanda bai san harshen Indiya ba, yana iya ƙara harafi don jimla ta cika gaɓa huɗu-huɗu yadda kunnen Basine ke so. Wata matsalar kuma daga Sanskirit ɗin take. Tathagata, laƙabin Buda, ana iya raba ta tatha-gata, "wanda ya tafi haka", ko tatha-agata, "wanda ya zo haka". Sinanci ba zai iya riƙe duka biyun ba, sai ya zaɓi zuwa: rulai (如來), nyorai a Japan.

Me ya sa Buda ya zama Fo

Harafi ba ya sauyawa, amma bakin mutane na sauyawa. Lokacin da aka zaɓi 佛, ana furta shi kusan but, wanda ya yi daidai da gaɓar farko ta Buddha. Wajen ƙarshen zamanin Tang, b a irin wannan muhalli ta koma v sannan f. Daga baya Sinancin arewa ya zubar da p da t da k na ƙarshen gaɓa, abin da ya riga ya bayyana a wani littafin amsa-amo na 1324. Sai aka wayi gari da fo. Maƙwabta kowa ya adana wani yanki: Kantonanci (Sinancin kudu) fat, Biyetnamanci Phat, Koriyanci bul (a can t na ƙarshe l take komawa), Japananci butsu, inda aka ƙara wasali saboda harshen ba ya rufe gaɓa da t.

Haka m ta ƙarshe ta koma n a Sinancin Beijing. Harafin "kudu" nam ne a da, shi ya sa ya dace da namo, harafin "uku" kuma sam ne, shi ya sa ya dace da samadhi. T ta ƙarshe ita ake amfani da ita a madadin r, don haka net-ban na wancan lokaci ƙoƙari ne mai kyau na kama nirvana, ko da yake yau niepan ake ji. Mai binciken da ya gwada lafazin Beijing na yau da Sanskirit zai yanke hukuncin cewa masu fassara kurame ne, alhali shi ne ya ɗauki ma'aunin da bai dace ba. Bafaranshe Stanislas Julien ya wallafa hanyar warware waɗannan sunaye a 1861, kuma tun daga nan kalmomin aron suka zama babbar shaida wajen sake gina tsohon lafazin Sinanci.

Japan, inda tsohon lafazi ya daskare

Addinin ya iso fadar Japan daga masarautar Baekje ta Koriya a 538 ko 552, gwargwadon majiyar da aka bi. Japanawa ba su fassara nassoshin zuwa harshensu a lokacin ba. Sun karɓe su da Sinanci, suna rerawa da lafazin da suka ji. Shi ya sa harafi ɗaya ke da karatu har hawa uku. Go-on shi ne mafi tsufa, mai alaƙa da kudancin Sin na ƙarni na 5 da na 6. Kan-on lafazin Chang'an ne na zamanin Tang. To-on ya zo daga baya tare da malaman Zen. Harafin 行 gyo ne a shugyo (horon kai), ko ne a ryoko (tafiya), an ne a angya (yawon sufi da ƙafa).

A 792 Sarki Kanmu ya ba da umarnin a koma kan-on a matsayin lafazi ingantacce, amma yawancin sufaye sun riƙe go-on da suka gada. Wannan ya bar ma'aurata masu rubutu ɗaya, karatu biyu: 利益 riyaku ce in ana nufin albarkar Buda, rieki in ana nufin ribar kasuwa. Heshang ɗin nan da muka gani osho ce a ɗariƙar Zen, kasho a ta Tendai, wajo a ta Shingon. Ɗariƙar Obaku, wadda Ingen ya kawo daga Sin a 1654, har yau da lafazin zamanin Ming take rerawa.

Japananci ma ya yi nasa sauyin. Sautin h na yau p ne a da, ya koma f, sannan h. Ƙamus ɗin da 'yan mishan na Fotugal suka buga a Nagasaki a 1603 ya rubuta hotoke, wato Buda, da f. To idan ka mayar da h ta hannya, karatun Japanawa na 般若 (prajna), zuwa p, sai ka samu pannya, kusan daidai da siffar kalmar a harshen Pali, ɗan'uwan harsunan Prakrit, yayin da bore ta Beijing ta yi nisa. Wuridin ƙarshen Sutrar Zuciya, gajeren nassin da ake yawan rerawa, gate gate paragate parasamgate bodhi svaha, a Sin jiedi jiedi boluo jiedi ake fara shi, a Japan kuwa gyatei gyatei haragyatei harasogyatei boji sowaka. G ɗin asali tana nan a Japan.

Kukai (774 zuwa 835), sufin Japan da ya je Sin a 804 ya dawo a 806, ya yaɗa rubutun Indiya na Siddham, wanda ya ɓace a ƙasarsa ta asali amma yake raye a Japan. Allunan katako da ake kafawa a bayan kabari, sotoba, sunansu stupa ne, kuma a samansu ana rubuta kha, ha, ra, va, a, wato sarari, iska, wuta, ruwa, ƙasa. Jerin sautukan Japananci da yara ke haddacewa, a i u e o sannan ka sa ta na ha ma ya ra wa, tsarin Sanskirit ya bi, daga maƙogwaro zuwa leɓe. Zaman ha kusa da ma, a gurbin baƙaƙen leɓe, wata shaida ce cewa pa ce a da.

Daga wurin ibada zuwa kasuwa

Danna ta fara da nufin mai ba wa haikali sadaka. A ƙarni na 17 gwamnatin Tokugawa ta wajabta wa kowane gida ya yi rajista da wani haikali, kalmar ta shiga ko'ina. Bara ya kira ubangidansa da ita, ɗan kasuwa ya kira mai saye, mace ta kira mijinta. Tafiyar ta yi kama da ta almajiri, wadda ta taso daga almuhajir.

Kshana, mafi ƙanƙantar lokaci, tana da lissafi a littattafan Abhidharma, na sharhin aƙidar Buda: 120 sau 60 sau 30 sau 30 ke ba da dare da yini, wato 6,480,000, kowacce kashi 1 cikin 75 na daƙiƙa. Yau chana a Sin da setsuna a Japan "ƙiftawar ido" kawai suke nufi. Kishiyarta kalpa, zamani mai tsawon gaske, an rubuta ta da harafin 劫 wanda dama yake nufin fashi, sai ma'anonin biyu suka cakuɗe har ta koma "bala'i" a Sinanci. A Japan okku, asalinta kalpa miliyan 100, yanzu tana nufin aikin da mutum ke jin ƙyuyar farawa. Naraka, wuta, ta zama naraku, ramin ƙarƙashin dandalin wasan kwaikwayo na kabuki. Upaya, dabarar koyar da kowa gwargwadon fahimtarsa, an fassara ta fangbian, wadda a Sinancin yau ke nufin "mai sauƙin yi", har da sakaya zancen zagayawa. Baƙo a Japan in zai shiga gidan mutane yakan ce ojama shimasu, yana neman afuwar damun su, kuma ma ɗin cikin jama shi ne Mara.

Wannan gocewar tana komawa ta ɓata karatun nassi. Rupa, siffa ko duk abin da ke da jiki, an fassara ta se (色), harafin da ke nufin launi, da kuma sha'awa. Jimlar nan ta Sutrar Zuciya mai cewa siffa ita ce wofi, mutane da yawa a Sin da Japan suna jin ta kamar wa'azi kan sha'awar jiki, alhali magana ce kan cewa babu abin da ke tsaye da kansa.

Wasu kalmomin har yanzu ana gardama a kansu, kuma babbarsu ita ce yulanpen (盂蘭盆), bikin tunawa da matattu na ranar 15 ga wata na 7. Tsohon bayani ya ce duka haruffan uku sauti ne na ullambana, "ratayewa kai ƙasa", azabar da ake ceto mamata daga gare ta. Matsalar ita ce harafi na uku, pen, kalmar Sinanci ce mai nufin tasa, kuma a nassin kansa ana zuba abinci a cikinta. Wani bayani ya kai ta ga urvan, "rai" a harsunan Iran. Masanin nan na Japan Seishi Karashima ya kawo cewa haruffa biyun farko daga odana suke, dafaffiyar shinkafa, ta wata siffar Prakrit mai l a gurbin d, don haka ma'anar ita ce "tasar shinkafa". Wannan na ƙarshe ya fi dacewa da yadda nassin ke amfani da kalmar. Japanawa sun karanta ta urabon, suka yanke gaban suka bar bon, suka ƙara o na girmamawa. Obon, hutun tsakiyar Agusta da miliyoyin mutane ke komawa garuruwansu don ziyartar kaburburan iyaye, sunansa ya tsaya ne a kan harafi na ukun nan.